Ƙafar Hagu a Motar Kansila

A shekarar da soja suka koma bariki, ɗan maƙwabciyarmu Hajiya ya ci zaɓen kansila, ya sayo wata jar mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajera kamar ta yi sujada. Ni a lokacin hatsi nake ɗauka da a-kori-kura, tafin ƙafata na hagu har kanta ya yi saboda taka kuloci. Da aka ce wannan ba ta da kuloci, ita ke canza giya da kanta, mun daɗe muna musu a majalisarmu ta Ƙofar Durbi. Matasa suka ce otomatik ita ce zamani. Muka ce motar gudu in ba hannunka a kan giya, ai ita ke tuƙa ka.

Yayana, wanda ya fara ɗora mini alƙalami a kan allo, ya yi dariya ya ce, "Mulkin farar hula ke nan. Har mota ta daina jiran oda."

Wata rana bayan la'asar, muna fitowa daga masallaci, Yaya ya jingina da bango ya sulale ƙasa. Bakinsa ya karkace, hannunsa ɗaya ya saki. Motata tana garejin bakanike, an sauke injin. Duk lungun ba wata mota sai jar nan, mai ita kuma ya yi tafiya.

Hajiya ta fito da makulli a bakin mayafi. "Malam, amshi."

"Hajiya, ban taɓa tuƙa irinta ba."

"Mi za ka iya a ciki? Ɗana burki yake takawa, ya jawo sandar nan baya, ta tahi. Ni da ban san komi ba na gani. Ko sai ya cika a hannunmu?"

Aka naɗe Yaya aka cusa shi a kujera. Na yi bisimilla, na yi yadda ta ce. Ban ko taɓa totur ba motar ta fara tafiya, kamar wani na tura ta. Da na ɗan taɓa shi kuwa sai ta yi gurnani ta zabura, katangu suka riƙa wucewa ta gefen idona.

Muna hawa titi injin ya ɗaga murya. Ƙafata ta hagu, wadda ba ta shawara da ni, ta tashi neman kuloci, ta sauka da dukkan ƙarfinta a kan burki. Motar ta ƙame. Yaya ya tafi gaba, goshinsa ya bugi gaban motar. Wani ɗan kabu-kabu ya kauce da kyar yana cewa, "Baba, in ba ka iya ba ka mai da musu kayansu!"

Na gyara Yaya, na ga jini a girarsa. Na sake tashi, hannuna na dama na laluben giyar da ba ta nan. Kafin mu yi nisa ƙafar ta sake yi. Wannan karon bai ko yi nishi ba. Na kira shi, shiru. Na ji a raina cewa ni zan ƙarasa shi kafin ciwon ya ƙarasa shi, na rasa ko wace addu'a sai Innalillahi.

Can leɓensa ya motsa. Na kara kunnena.

"Naɗe ta," ya ce, harshensa da nauyi. "Zaman tahiya."

Na cire takalmin, na lanƙwasa ƙafar hagu na cusa ta ƙarƙashin cinyar dama kamar mai shirin sallama. Ina jin ta tana fizga a duk kwana, na danne ta da nauyin jikina. A haka muka isa asibiti, ina leƙen ƙirjinsa ko yana ɗagawa.

Da na buɗe ƙofa, ƙafar ta mutu, na zube ƙasa. Ma'aikata suka yo kaina da gado. Na riƙa ihu, "Ba ni ba ne, shi ne, shi ne!"

Allah ya tashi kafaɗar Yaya, sai dai ya rayu yana jan ƙafar hagu, da tabo a gira. Ranar da aka sallame shi kansila ya zo ɗaukarsa da kansa. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai bi mu a ƙasa."