Kwalbar Kananzir da Na Ɓoye a Akwati

Har in koma ga Allah ba zan manta da safiyar da na buɗe akwatina na tarar babu kwalbar ba. Tun kafin in tambayi kowa gabana ya faɗi. Lokacin ina aji huɗu a sakandare, na zo hutu ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi, ana tsakiyar cirar auduga.

A cikin kwalbar akwai wani ɗan ƙarfe mai laushi, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, sunansa fotashiyam. Cikin kananzir ake ajiye shi, domin da ya taɓa ruwa sai wuta. Gaskiya sato shi na yi daga ɗakin gwaji na makaranta. Baba ya daɗe yana cewa bai ga abin da boko ya ƙara mini ba, ni kuwa na ƙudura sai na nuna masa wuta a kan ruwa.

Malamarmu wani ƙarfe ɗan'uwansa mai suna sodiyam ta gwada mana, ya yi ta yawo a kan ruwa yana huci. Ta ce a jadawalin sinadarai fotashiyam yana ƙarƙashinsa, kuma duk lokacin da aka sauko layi ɗaya, ƙwayar zarra takan ƙara ɓawo kamar albasa, ta ƙara girma. Abin da ke ɓawon waje ya yi nisa da cibiya, riƙon ya yi sako-sako, sai ya kuɓuce da sauri, wutar ta fi muni. Na haddace, har na ci jarrabawa da shi. Amma abin da ya shiga kaina kawai shi ne na ƙasan zai fi burge Baba.

Na fito tsakar gida na hango Inna a gindin randa. Ashe ta tsiyaye kananzirin a fitila, tana mita wai 'yan boko ba su san darajar mai ba, sun jiƙa tsakuwa a ciki. Ɗauraye kwalbar za ta yi. Na fizge ta daidai lokacin da ruwan moɗa ya shiga. Ƙara na ji, sai raɗaɗi a idanuna.

Na yi ta roƙo a zuba mini ruwa, babu wanda ya motsa. Da idonsu suka ga ruwa ya zama wuta, wa zai ƙara? Inna ta rungume tulu tana kuka, goggona ta ruga neman man shanu.

"Baba, ka yarda da ni ko sau ɗaya ne," na ce.

"To, ke kika yi karatun," in ji shi. Ya karɓe tulun ya juye mini, ya sa aka ɗebo wani.

A bayan motar auduga aka kai ni asibiti a Funtua. Kwana tara idanuna a ɗaure. Na gama sallamawa na makance. Ina kwance ina ganin kaina ana ja mini sanda, makaranta ta wuce ni. Inna kuwa ta daina cin abinci, tana cewa ita ta tsiyayar mini da ido. Na kasa ce mata laifina ne.

Ranar goma da hantsi likita ya kwance ƙyallen. Da farko hazo na gani, sannan hular Baba.

"Na dama zai yi tabo, amma za ki gani," in ji likitan. "Wanda ya wanke miki su da ruwa shi ya cece su."

Baba ya juya ya fuskanci bango.

Har yau in na ji warin kananzir sai in tuna da gadon asibitin. A gadon nan na gane haddace abu daban, saninsa daban, kuma abin da ka sani ka ɓoye wa mutanen gidanku, su zai fara cutarwa.