Gwiwar Habibu da bakinmu

Shekara shida ke nan da rasuwar Habibu, ɗan unguwarmu da muka zauna ɗaki ɗaya a Mu'aither, can Doha, kuma wallahi har yau raina a ɓace yake. Haɗarin mota ya yi ajalinsa a hanyar Wukair. Wannan hukuncin Allah ne, ban ja ba. Abin da muka yi masa da ransa shi ke cina.

Gadi yake yi, wuni guda a tsaye. Yana ɗan shekara ashirin da shida gwiwa ta hana shi durƙusawa, sai ya koma salla a kan kujera. Kai, zo ka ji surutu! Ƙato kamar wannan, ko furfura babu, ya shige cikin dattawa? Muka ce ragwanci ne. Har aka laƙaba masa "Alhaji Kujera", kuma ni na raɗa sunan.

Ya je asibiti aka ɗauki hoto. Likita ya nuna masa ƙoƙon gwiwar ya kauce daga mazauninsa, yana gugar gefe guda, har guringuntsin da ke bayansa ya fara cinyewa. Ya kawo mini hoton ya ce, "Yaya, don Allah duba." Na ce, "Kalas, ya isa haka, ajiye, ni likita ne?" Bai ƙara hawa kujera ba. Ya riƙa sujada yana cije leɓe, mu kuwa muka ce ai ga shi nan, dama ƙarya ce.

Da zai leƙo masallacin yau, da ya tarar ba mu sake hali ba. Akwai wani matashin direba da ke zama a kan kujera a gefen sahu, ana ta ƙyafta ido a kansa. Wa ya gaya mana ciwo sai da furfura? Ranar Juma'a na ɗaga wa masu ƙyafcen murya har aka ce in yi haƙuri. Ban yi ba.

Bara na je gida, na nufi wajen mahaifiyarsa don in faɗi gaskiya, in nemi yafiya. Ban buɗe baki ba ta hau sa mini albarka. Ta ce, "Ɗan nan, Habibu ya sha gaya mini, duk Doha kai kaɗai ka yarda da ciwonsa."

Na sunkuyar da kai na ce amin. Har yau ban iya gaya mata ba.