Eriyar ƙofar baya

Kunama ake ce masa a babban siton kayan nan, kuma ba ƙage aka yi masa ba. Mai gadi ne a ƙofar baya, inda motocin shara ke shige da fice, can bayan dogon layin kwantenonin ƙarfe. Yana da kujerar roba da aka ɗaure wa ƙafa da waya, da tsohuwar laima, da fuskar da ko ƙuda ba ya sha'awar sauka a kanta. In ka gaishe shi ya tambaye ka me kake so. In ba ka gaishe shi ba kuwa, ka shiga uku.

Shi ya kawo ƙanensa, autan gidansu, aikin gadi. Shi ya ara masa takalmi ranar gwaji, ya koya masa leƙa ƙarƙashin mota da madubi, ya nuna masa yadda ake riƙe oba-oba, 'yar rediyon hannun da masu gadi ke kiran juna da ita. Da shugaban masu gadi ya yi ritaya, sai aka tsallake Kunama aka ba Auta kujerar. Tsakani da Allah ba a zalunce shi ba, don mutum ne da ya taɓa shaƙe direba saboda ya danna masa hon. Amma wa ke da ƙarfin halin faɗa masa haka?

Wataƙila da ya haɗiye wannan. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne kiran da Auta ya yi a ranarsa ta farko a kujerar: "Ƙofar baya, ƙofar baya, kana ji na?" Haka dokar aikin take, wurin tsayuwa ake kira, ba mutum ba. Sai dai layi ɗaya ne kowa ke saurare. A kunnen duk masu gadi, yaron da ya goya, ya share wa majina, ya kira shi ƙofa. Maimakon amsa, Kunama ya murɗe eriyar oba-obarsa ya wurga cikin motar shara, ya ciro wata guntuwa mai tsawon babban yatsa daga wata matacciyar rediyo ya ɗaura. Da ma kwantenoni suna tare magana. Da guntuwar nan kuwa, ban da shuuu babu abin da ke isowa.

Haka aka kwashe shekaru. Mai son magana da ƙofar baya sai ya tako da ƙafarsa, ya sha rana, ya sha baƙar magana. In Auta ya tako, Kunama ya miƙe ya ƙame ya sara masa, irin sarawar da zagi ya fi ta daɗi, ya ƙi cewa uffan. Gidan mahaifiyarsu ma sai ya tabbatar babur ɗin Auta ba ya ƙofa kafin ya shiga. Duk wanda ya ɗauko zancen ƙanen nasa, ba ya kai ƙarshen jimla. Da wani ne da tuni an kore shi. Kunama ya san Auta ne ke rufa masa asiri a ofis, wannan kuma ya ƙara masa haushi.

Wata rana wani sabon direban shara, wanda bai san hali ba, ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Baba, kai ne na ƙofar baya? Ai kullum da safe sai an ambace ka a oba-oba. Masu gadin gaba har riƙe ciki suke don dariya."

Kunama ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. To ga shi nan! Shekara da shekaru Inna tana ce masa, "Ƙanenka bai raina ka ba." Yanzu zai ji da kunnensa, ya kai mata kalma bayan kalma, ya ga da wane baki za ta kare ɗan lelenta.

Ranar hutunsa ya tafi layin masu gyaran rediyo, ya dangwarar da oba-obar a kan teburin wani mai tabarau.

"Eriya nake so, wadda ta fi kowace tsawo."

Mai gyara ya juya guntuwar a hannu. "Wa ya cuce ka da wannan? Ai ba ma ta irin rediyon nan ba ce."

"Tambayarka na yi?"

"Yi haƙuri, Baba. Amma ba tsawo kaɗai ake dubawa ba. Sai wadda ta dace da layin da kuke kai, bakinta kuma ya shiga daidai. A fili kake aiki ko cikin gini?"

"Bayan kwantenoni."

"To waccan sandar da kake kallo ba za ta yi maka ba, ta wani layi ce, sai dai ka riƙa tsokane idon mutane. Ga wannan mai lanƙwasa. Ka riƙe rediyon a tsaye, ka nisanci jikin ƙarfe. In ka samu tudu ka hau, har tarin mutum za ka ji."

"Tarin nake so," in ji Kunama.

Washegari da sassafe ya ɗaura ta, tsawonta ya kai kamu ɗaya. Ya jawo wani akwakun katako tsakiyar fili ya hau, dattijo da furfurarsa, ya ɗaga oba-oba sama. Shuuu ɗin da ya saba ji ya ɗauke. Ya ji ana neman makullin sito, ya ji wani yana hamma. Sai ga muryar Auta tar, kamar yana tsaye kusa da shi.

"Yaya, ina kwana. Da fatan ka tashi lafiya. Na biya wajen Inna, ƙafar da sauƙi."

Kunama ya jira zagin da zai biyo baya. Bai zo ba. Dariya ce ta fashe a layin, sannan wani matashin mai gadi na ƙofar gaba ya maƙale murya yana kwaikwayo: "Yaya, ina kwana! Oga ya fara gai da bango. Oga, yau bangon ya amsa?"

"Ku bar min layi," in ji Auta, a gajiye, da muryar wanda ya saba.

Ashe ba Kunama ake wa dariya ba. Auta ake wa, kullum safiya, tun Allah kaɗai ya san yaushe. Shugaba guda yana karya dokar aiki a kunnen yaransa, yana gai da mutumin da ba ya jin sa.

Kunama bai ji daɗi ba ko kaɗan. Haushi ya ji iri biyu. Ya ji haushin Auta, da ya ƙwace masa abin da zai kai wa Inna, ya bar shi tsaye a kan akwaku kamar mahaukaci. Ya kuma ji wanda ya fi wannan zafi, wai wani ɗan tayi da ko takalminsa bai iya gogewa ba shi ke yi wa ɗan gidansu dariya. Ya danna maɓallin da ya daɗe bai taɓa ba.

"Kai, mai muryar akuya! Wa kake wa dariya? Sa'anka ne? Ka tsaya nan inda kake, in na tashi aiki zan zo in nuna maka yadda bango ke amsawa!"

Dariyar ta ɗauke. Ko hammar ba a sake ji ba.

Can sai muryar Auta ta fito. "Yaya? Kai ne? Kana ji na?"

Kunama ya dubi oba-obar. Ya rasa inda zai kai idonsa. Ya sake dannawa.

"Ƙofar baya ce," ya ce. "Ina jin ka."

Ya sauko daga kan akwakun yana tsaki, ya laluba aljihu ya ciro guntuwar eriyar. Motar shara tana fita a lokacin, sai ya wurga ta ciki.