Ɗalhatu Birkila da Bangon Kicin na Ain Khaled

Shekara huɗu muka yi da Ɗalhatu a ɗaki ɗaya a unguwar Mansura da ke Doha, shi a gadon ƙasa ni a na sama, don ya ce in ya hau sama ƙarfen gadon lanƙwashewa zai yi. Ba ƙarya ya yi ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kusan ba shi da wuya, in ka gaisa da shi sai ka ji kamar ka dafa bulo. Ni sunana Uwais. Direban akori-kura ne ni a ƙaramin kamfanin gyaran gidaje da muke wa aiki, in kai siminti da rodi, in kwaso ɓaraguzai.

Ɗalhatu mutumin Ƙauran Namoda ne. A hannun ubansa ya koyi gini, a hannunsa kuma ya koyi duka. Tsohon ba ya gyara kuskure da baki. In layin bulo ya karkace, cokalin ginin da ke hannunsa shi zai sauka a ƙeyarka, kuma akwai tabo a bayan kunnen Ɗalhatu da ke shaida haka. Ya tashi da ido mai gane karkatar gini tun daga nesa, da zuciya mai saurin tafasa. Yana da shekara ashirin da biyu ya karya hannun wani ɗan kamasho a tasha, saboda ya yi ƙwallo da buhun kayan aikinsa. Kwana tara ya yi a caji ofis. Bayan ya auri Haulatu, ta haifa masa 'ya'ya mata biyu, sai ya koyi wata dabara: in ransa ya ɓaci, ya haɗa hannuwansa a baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya har abin ya wuce. Na sha ganinsa a haka.

Aikin gadi ne ya kawo shi Doha. Shekara biyu yana tsaye a ƙofar wani gini da ake ɗagawa, yana kallon bangon da ake ɗorawa a karkace, har ranar da ya kasa jurewa, ya cire hular gadi ya karɓi cokali ya gyara musu layi uku. Mai kamfaninmu yana wurin, ya gani. Da kafil ɗinsa na farko, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya sake shi, sai ya dawo wajenmu.

Abokin aikinsa Issifu ne, mutumin Zangon Kumasi, dogo mai yawan dariya, gwanin ɗaura tayil. Hausarsa ba ta san mace ba. In yana zancen matarsa Safura sai ya ce, "Ya kira ni, ya ce yaro ba lafiya." Ɗalhatu ya yi ta dariya yana cewa, "Issifu, wai namiji ka aura ne?" Shekarunsu ɗaya, amma Issifu Yaya yake ce masa.

A watan Oktoban 2023 aka ba mu aiki a Ain Khaled. Tsofaffin gidaje ne goma sha biyu a jere, masu hawa ɗaya, kowanne bangonsa haɗe da na maƙwabcinsa. Mai gida na bakwai, inda za mu yi aikin, wata malamar makaranta ce, Madam Nasira, tana zaune da mahaifiyarta mai ciwon ƙafa. Kicin ɗin gidan ɗan siriri ne kamar lungu, mutum biyu ba sa gifta juna. Tana so a rushe bangon da ya raba shi da falo, a kuma tura kicin ɗin waje taku goma cikin tsakar gidan baya, don ta riƙa girki tana ganin tsohuwarta a kujera.

Bango biyu za a fasa. Na farko bangon raba ɗaki ne kawai, ba ya ɗauke da komai. Ɗalhatu ya tofa yawu a tafi, ya ɗauki babbar gudumarsa. Bugu na farko tayil ɗin ya tarwatse kamar an harba bindiga. Na uku bulo ya huje, haske ya shigo daga falo. Kafin la'asar babu bango, sai ƙura da tsinken waya suna lilo, da mu muna tari.

Na biyu shi ne bangon baya, wanda rufin kankaren da ke ɗauke da ɗakin sama ke zaune a kansa. Injiniya ya zo ya yi bayani a gabanmu duka: a kafa jak takwas, wato sandunan ƙarfe masu tokare rufi, a jira babban ƙarfen da zai maye gurbin bangon, a ɗora shi, sannan a taɓa bulo. Ɗalhatu da kansa ya kafa takwas ɗin, yana ɗaure kowanne yana buga shi da tafi ya ji ƙararsa.

Foman ɗinmu Osman ne, Bahaushen Sudan, yana jin Hausa amma da Larabci yake zagi. Ayyuka uku ne a wuyansa lokaci ɗaya, mai kamfani kuma ba ya barin wayarsa ta huta. Ranar Talata da safe ya shigo ya ce a kwance jak biyar, ana buƙatarsu a wani aikin a Aziziya.

Ɗalhatu ya ce, "Oga, takwas injiniya ya ce."

"Uku sun isa. Ba yau za a taɓa bangon ba."

"Gidan nan ya tsufa. Dubi rodin can, tsatsa ta cinye shi."

"Kai ne injiniya yanzu, ya mai gadi? Yalla, kwance. Kai ma ka bi motar, ka sauke su can."

Ɗalhatu ya kai hannuwansa baya. Ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya kwance jak biyar ɗin. Ni na loda su a motata. Wannan ba na ɓoye shi, da hannuna na ɗauke su. Kafin mu tafi Ɗalhatu ya ja Issifu gefe ya ce, "Ko wa ya ce ka taɓa bangon nan, kada ka taɓa."

Muka dawo bayan azahar. Tun daga bakin layi muka ji ƙarar injin fasa kankare. Ɗalhatu bai jira na tsaya ba, ya diro motar tana tafiya. Ashe muna fita Osman ya ce ƙarfen zai iso gobe da sassafe, don haka a fara buɗe bangon yau. Issifu ya yi gardama, Osman ya ce ko ya ɗauki injin ko ya ɗauki jakarsa. Ya ɗauki injin.

Ina bayan Ɗalhatu muka shiga falo. Rabin bangon ya tafi. Yashi na zubowa daga rufi siriri siriri, jak ɗin tsakiya ya lanƙwashe kamar baka. Ɗalhatu ya kwarma ihu, "Issifu, fito!" Ƙarar injin ta hana shi ji. Ya juyo yana murmushi, yana ɗaga mana hannu, sai jak ɗin ya fizge ya bugi bango, rufin ya biyo baya.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Iska ta jefa ni kan kujerar da aka lulluɓe da leda. Da ƙura ta ɗan lafa, ga gadon ɗakin sama a rataye ta ramin, ga ruwa na feshi daga fasasshen bututu, ga Issifu a ƙasa, wani ɓangaren kankare mai faɗin ƙofa ya danne ƙafarsa ta dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Bai yi ihu ba da farko. Idonsa kawai a buɗe, bakinsa cike da ƙura. Jini na fitowa daga ƙarƙashin kankaren yana haɗuwa da ruwan.

"Jak ɗin motarka!" in ji Ɗalhatu. Na ruga na kawo. Ya cusa shi, ina murzawa yana tura bulo a ƙasa. Kankaren ya ɗaga kamar yatsa huɗu, sai jak ɗin ya zame a kan tayil mai santsi. Hannun hagun Ɗalhatu na ciki. Na ji ƙarar ƙashi, na ga yatsunsa biyu sun baje. Bai ko duba ba. Ya zare hannun, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin rodin da ya fito, ya yunƙura har jijiyar wuyansa ta yi kamar za ta tsinke, ya ce, "Ja shi!" Na kama Issifu ta hammata na ja. A nan ne ya saki ihu. Abin da ya biyo bayan gwiwarsa ba ya kama da ƙafa. Ɗalhatu ya cire bel ya ɗaure cinyar tamau.

Madam Nasira ta shigo da gudu daga gidan maƙwabta, inda suke zaune da tsohuwar kafin a gama aiki. Ita ta kira motar asibiti. Osman kuwa yana tsakar gida duk lokacin, waya a kunne. Sai da ya gama ya shigo, ya tsallake jinin, ya dube mu ya rage murya.

"Shurɗa za su zo, 'yan sanda. In sun tambaya, Issifu ne ya sassauta jak da kansa don ya sami wurin aiki. Kai Uwais, ba ka ɗauki komai daga nan ba. Khalas?"

Ɗalhatu ya miƙe. Ya kai hannuwansa baya, mai lafiyar ya riƙe mai jinin.

"Oga, mutumin nan bai ma daina zubar da jini ba."

"Da kai nake magana. Ka ji ko ba ka ji ba?" Akwai sandar lebul ta alminiyam, wadda ake auna daidaiton gini da ita, a hannun Osman. Ya zungure shi da ita a ƙirji, sau ɗaya, sau biyu. Ɗalhatu bai motsa ba. Sai ya ɗaga ta ya sharara masa a kunci, fatar ta tsage.

Ban ga fitowar hannun ba, saukarsa kawai na gani. Haɓar Osman ta koma gefe, haƙora biyu suka faɗo kan tayil. Kafin ya kai ƙasa Ɗalhatu ya cafke wuyan rigarsa, ya ƙara masa a hanci, ya ɗaga shi ya maka kansa da bakin kwamin wanke-wanke, har kwamin ya ɓalle daga bango. Na rungume ƙugunsa ina cewa, "Ɗalha, don Allah!" Ya watsar da ni kamar buhun da babu komai a ciki. Ya sunkuya ya ɗauki gudumar.

Madam Nasira ce ta shiga tsakani, ta buɗe hannuwa, tana ta magana da Larabci. Daga ƙasa Issifu ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa, "Yaya, bari. In ka kashe shi, wa zai riƙe ni?" Gudumar ta daɗe a sama. Sannan ya sake ta ta faɗi a bayansa, ya koma ya zauna cikin ruwa da jini, ya ɗora kan Issifu a cinyarsa har masu asibiti suka iso.

'Yan sanda sun tafi da Ɗalhatu a ranar, bayan an ɗinke masa hannu. Akwai kyamara a tsakar gidan, ta ɗauki fitar da jak ɗin da safe, ta ƙofar baya kuma ta ɗauki dukan. Ni ma na faɗi abin da na loda da wanda ya ce in loda. An yanke ƙafar Issifu daga ƙasan gwiwa. Osman ya yi wata biyu haɓarsa a ɗaure da waya, yana shan abinci da tsinke, kamfani kuma ya sallame shi. Ɗalhatu ya yi wata uku a tsare, daga nan aka sa shi a jirgi. Ni na haɗa masa jakarsa. Wani kamfanin daban ne ya ƙarasa kicin ɗin, bayan sun gyara bangon maƙwabta da ya tsage. Ban taɓa shiga na gani ba.

Yanzu yana Ƙaura, yana gina shaguna a bakin titin Gusau. Yatsun biyu ba sa lanƙwasawa, don haka ba ya iya riƙe bulo da hagu, ya koma duba aiki da ɗaura layi. Muna waya duk Juma'a. Ya taɓa ce mini bugun farko bai dame shi ba, amma na biyun da na ukun suna hana shi sukuni, don a lokacin mutumin ya riga ya kasa kare kansa. Ya sa na nemo masa lambar Osman, ya tura masa saƙon murya yana neman gafara. An saurari saƙon, ba a amsa ba.

Issifu ya koma Kumasi da ƙafar roba, shi da Safura suna sayar da tayil a wani ɗan shago. Makon jiya Ɗalhatu ya ce mini ya sabunta fasfo. In an gama girbi zai hau mota, ta Legas, ya je ya gan shi. Yana ta tambayata ko kwana nawa hanyar take ci.