Gwajin Idon Iya Mai Faci

Duk wanda wandonsa ya taɓa yagewa a layin nan ya san Iya Mai Faci. Rumfarta tana ƙarƙashin matakalar wani bene, wurin da sai an sunkuya ake shiga, daga ita sai keken ɗinki da gwangwanin maɓallai da ƙunshin ƙyallaye. Tun rasuwar mijinta take wurin. Da allurar nan ta ciyar da 'ya'ya, da ita ta kai babban ɗanta makaranta, har ga shi yau ana ce masa Manaja, ga mota ga tumbi. Ita kuwa ko harafi ɗaya ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa ɗaukar wannan abin shela ba.

Da girma ya soma kamata, sai zare ya fara yi mata gardama wajen shiga kafar allura. Iyakar ciwon ke nan. Daga nesa kam, tun daga bakin titi take gane mai tahowa.

Kusa da rumfar akwai shagon wani dattijo da ake kira Mai Tabarau, shi ke gwada ido, shi ke yanka gilashi. A wurinsa kuɗin gwaji daban, na gilashi daban, na firam daban. In ya gwada ka ya ga ba ka buƙatar komai, sai ka biya na gwaji ka kama gabanka. Iya ta ce a je can. Manaja ya taɓe baki, wai ina aka taɓa biyan mutum don ya leƙa idonka, alhali a babban kanti gwaji kyauta ne. Duk karatunsa bai san banza ba ta kai zomo kasuwa ba. Kantin da ke cin abinci daga sayar da tabarau kaɗai, yaushe zai gwada ka ya ce idonka lafiya lau?

Haka ya kwashe ta a mota zuwa kantin, da ita da matarsa. Aka zaunar da Iya a wani ɗaki mai sanyi, wata mai farar riga ta ɗora mata ƙarfe a hanci, ta kunna allo, ta ce ta karanta layin sama. Iya ta ga harafin sarai, ƙato kamar ƙofa. Sunansa ne ba ta sani ba. Ta waiga, ga surukarta tsaye tana kallonta, ga Manaja ya juya baya yana waya. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ta nutse.

"Ban gani ba," ta ce.

Aka sauya gilashi, ta ce ba ta gani ba. Aka ƙara mai ƙarfi, aka sake ƙarawa, har allon ya soma dishi-dishi da gaske. Da ta gaji da zaman tuhumar nan, sai ta ce wannan ya yi, don dai a sallame ta. Tambaya guda ce tak mai farar rigar ba ta yi ba, wato ko Iya ta iya karatu. Ita dai a ce ba ta san Iya ba. To ɗan da tun yana firamare shi ke karanta wa uwarsa takardar asibiti fa? Yana tsaye a wurin, ko a jikinsa.

Tabarau ya iso da kauri kamar gindin kwalba, cikin firam mai ruwan zinariya da surukar ta zaɓa. Babu wanda Manaja bai gaya wa tsadarsa ba. Shi ya sa Iya ta kasa cire shi, kada a ce ta raina abin da ɗanta ya yi mata. Ta kuma fara yarda cewa masu ilimi ba za su yi ƙarya ba, wataƙila idon nata ne ya ƙare ba ta sani ba. Kanta ya riƙa sarawa, ƙasa ta riƙa karkata a gabanta. Ta ɗinke wa wani aljihu ruf, ta yi wa wata faci a baibai, masu kawo aiki suka soma janyewa. Ranar da ta zame a bakin kwata ta gurɗe ƙafa, Manaja ya yanke hukunci: za ta koma gidansa, a saki rumfa, a sayar da keke. Ta roƙe shi ya bar mata keken ko a lungu ne. Ya ce me wadda ba ta gani za ta yi da keke, ai lokacin hutunta ne ya zo. Garin gyaran gira aka rasa ido, kuma shi yana ganin ya yi abin a yaba masa.

Ta yi watanni a wani ɗaki mai labule, tana zaune kamar baƙuwa, sai wata rana hannun firam ɗin ya karye. Ta sa direban gidan ya kai ta tsohon layinta a gyara. Mai Tabarau ya ɗaga gilashin ya duba, ya dube ta, ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya gwada ta, kuma sai ta biya. Ta biya tana gunaguni. Allon da ya kunna mata babu haruffa, wata alama ce kamar mataji mai haƙora uku, ya ce ta nuna da hannu inda haƙoran suka fuskanta. Iya ta nuna sama, ta nuna hagu, ta bi su har layin ƙasa, ba ta kuskure ko ɗaya ba.

Dattijon ya ce, "Iya, idonki ya fi nawa. Na ganin kusa kawai kike buƙata, shi ne mafi araha a shagon nan. Wa ya ɗora miki wannan?"

Iya ta sayi na ganin kusan. Da ta fito ta leƙa ƙarƙashin matakala, ta tarar an shafe rumfar da jan fenti, wani yana sayar da cajar waya a ciki. Ta ga komai tas, har ƙusar da take rataya almakashi.

Manaja da ya ji labari ya hau bambami, zai je kantin, zai nemi lauya, zai nuna musu su wane ne shi. Duk ihu bayan hari. Da ya gama ya juyo kanta, wai me ya hana ta faɗa tun a can.

"Ai kana wurin," ta ce.

Iya ta sa sabon tabarau, ta ce wa surukarta ta ba ta allura da zare. Aka yi ta bincike kafin a samo. Zaren ya shige a karon farko. Ta ce to a kawo mata abin da ya yage. Surukar ta sunkuyar da kai, ta ce su a gidan nan in abu ya yage zubarwa suke yi.