Baƙuwar da Ba Wanda Ya Tambaya

Yau kwana takwas ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in na ɗauki alli zan yi rubutu a allo sai hannuna ya ɗauki rawa, sai na tsaya na jira ya lafa. Yaran ajina sun lura. Wata ta ce min, "Anti, zazzaɓi kike yi?" Na ce mata e, don ban san me zan ce wa 'yar shekara shida ba. Kuma duk sanda abin ya taso min, muryar kakata Inna nake ji, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙanta da rahama.

A gidanmu na Rijiyar Lemo murhu yana can kusurwar tsakar gida, kusa da ɗakin Inna. In an kwashe tuwo an yi sallar isha, Inna ba ta yarda garwashi ya mutu a banza. Sai ta tura dankali cikin toka, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu. Mu jikokinta bakwai mu kewaye ta, kowa yana ture kowa. Yawanci an ɗauke wuta, saboda haka fuskarta kawai muke gani, jajir a hasken garwashin, sai ƙarar adaidaita sahu daga bakin titi.

"Ke Bintoto, matsa can," haka take ce min. "Wannan kan naki kamar tulu ya tare min wutar duka."

Ita tana da yadda take buɗe tatsuniya, ba irin ta kowa ba. Sai ta ƙwanƙwasa gefen kujerarta sau uku ta ce, "Ga ta a bakin ƙofa. A buɗe mata?" Mu kuwa mu haɗa baki, "A buɗe mata!" Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne, muna birgima a tabarma. Amma akwai guda ɗaya da in ta fara, ko dankalin ya nuna ba mai miƙa hannu.

Wai akwai wata aba da ke zaune a bayan dangar wani gida a ƙauye. Ba mutum ba ce, kuma ba ta da ƙarfin tsallake danga ko karya ƙofa. Abin da ta yi shi ne ta zauna shekara bakwai tana sauraron yadda matan gidan ke gaisawa, har ta haddace. Ranar da ta gama koyo, sai ta yafa mayafi mai kyau, ta zagayo ta ƙofa, ta yi sallama.

A nan Inna takan sauya murya, ta yi ta laushi kamar ta amarya. "Ina wuni? Ina gajiya? Ya yara? Ya mai gidan? Ya ƙafar tsohuwa, ta yi sauƙi?" Matar gidan ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura, a ranta tana cewa ai dangin mai gida ce. Mai gida ya dawo daga gona, baƙuwa ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ya ce a ransa ai 'yar'uwar matata ce. Tsohuwar gidan kuma ta ɗauka ɗaya daga cikinsu ne ya gayyato ta. Kwana uku tana ci da su, tana taya su sussuka, ba wanda ya buɗe baki ya ce mata, baiwar Allah, ke wace ce? Ai abin kunya ne ka tambayi baƙo haka, bare mai irin wannan gaisuwa.

Rana ta uku matar gidan tana daka, jaririyarta tana kuka a baya. Baƙuwa ta ce, "Kawo ta in goya miki, ki ƙarasa." Ta goya ta, tana jijjiga ta, tana 'yar waƙa, a hankali har zaure, a hankali har waje. Da yamma mai gida ya shigo ya ce, "Ina 'yar'uwar taki ta kai yarinyar?" Matar ta saki taɓarya ta ce, "'Yar'uwata? Ba taka ba ce?"

A nan Inna takan hau tona toka da tsinke.

"Inna, sai aka gano ta?"

"Aka gano zanen goyon, a rataye a reshen tsamiya, an ninke shi tsaf."

Yayana ya taɓa cewa, "Ai da sun duba ƙafarta, da sun ga kofato."

Inna ta harare shi. "Kai da kake da kofaton a ka. Ƙafarta irin ta uwarka ce, har da lalle." Daga nan ta rufe garwashin da toka ta ce, "Wuta ta kwanta, ku ma ku kwanta." A daren ba mai fita fitsari shi kaɗai.

Na girma, na gama sakandare, na manta da abar bayan danga. Wata biyu da suka wuce na samu aikin koyarwa a wata 'yar makarantar firamare mai zaman kanta, a kan iyakar Fagge da Sabon Gari, aka ba ni aji ɗaya. Mai makarantar, Madam muke ce mata, ta gaya min dokarta tun ranar farko: duk wanda ya zo ɗaukar yaro, in ban san shi ba, ya faɗi cikakken sunan yaron, in kuma kira iyayensa a waya. Na ce to.

Ranar Talata aka tashi, yara suna ta fita. Saura huɗu a ajina, cikinsu har da Ummi, wata 'yar siririya mai shiru, wadda kullum babanta ne ke kawo ta a babur ya dawo ya ɗauke ta. Ban taɓa ganin mamanta ba. Sai ga wata mata ta yi sallama a ƙofar aji. Za ta girme ni da shekara goma ko fi, atamfa mai tsada, mayafi ruwan toka, turare mai sanyi. Ta gaishe ni kamar mun shekara da sani. Ya aiki, ya fama da yara, ya mutanen gida, Allah ya biya ku malamai. Sannan ta nuna Ummi da haɓa, ta ɗan sunkuyar da kai ta ce, "Na zo ɗaukar mutuniyar. Baban nata ya makale a kasuwa."

Wallahi dokar Madam ta zo min har bakin harshe. Amma sai na ce a raina, Ummi 'yar fari ce, wace uwa ce za ta kama sunan 'yar farinta a gaban mutane? Wannan sunkuyar da kan ma ai irin na uwa ne. Ni Bahaushiya, in tsaya ina tilasta wa babbar mace ta faɗi abin da na san nauyinsa? Kuma ga Baba Audu mai gadi a bakin get, da bai san ta ba ai ba zai bar ta ta shigo ba.

Ummi ba ta tashi ba. Ta kalli matar, ta kalle ni. Ni ce na ce, "Tashi mana, ki bi Mama." Ni ce na saɓa mata jakarta.

Ba a yi rabin awa ba na ji tsayuwar babur. Baban Ummi ya leƙo yana murmushi. "Malama, a yi haƙuri, na makara. Ina take?"

"Ai mamanta ta zo ta ɗauke ta."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, ya ɗan tsaya, kamar bai ji ba. "Wace maman? Mamanta kwananta biyar da haihuwa. Ko zaure ba ta leƙawa."

Ban san yadda na isa get ba. Na riƙe rigar Baba Audu ina cewa, matar nan mai mayafi ruwan toka, wace ce? Ya zaro ido ya ce, "Ni na sani? Na ga kuna ta gaisawa, na ce 'yar'uwarki ce." Na zauna a ƙasa, a cikin ƙurar da yara suka tattake, ina jin muryar Inna tana cewa, ba taka ba ce?

Abin da ya biyo baya a gutsure nake tuna shi. Madam tana waya da wayoyi biyu. Baban Ummi ya ja babur ya yi wajen Titin Ibrahim Taiwo, ya dawo, ya sake tafiya. Ni na bi layi-layi ba takalmi, ina tambayar masu shago, kowa ya ce mata masu mayafi ai da yawa sun wuce. Ina kiran sunan Allah, ina kiran sunan Ummi, har na daina bambance wanda nake kira.

Wajen la'asar wayar Madam ta yi ƙara. Maman Ngozi ce, wata 'yar kasuwa haifaffiyar Sabon Gari da ke sayar da kayan yara a bakin kasuwa, 'yarta tana aji uku a makarantarmu. Da muka isa, Ummi tana zaune a kan dilar kaya tana shan lemo, rigar makarantarta rabi a tuɓe, hannu ɗaya a ciki, ɗayan an zare. Maman Ngozi ta ce matar ta tsaya ne ta zaɓi doguwar riga, ta fara tuɓe wa yarinyar yunifom a nan tsaye, wai za ta sa mata sabuwa.

"Na ga yunifom ɗinmu ne," in ji ta, "sai na ce, Hajiya, ajin wa take? Ta ce aji ɗaya. Na ce ya sunanta? Ta yi dariya ta ce, ai kin san mu ba ma faɗa. Na ce ni dai a kan yaro ban san wannan ba, faɗa min. Sai na tambayi yarinyar, kin san ta? Ta ce a'a, Anti ce ta ce in bi ta. Ina ɗago kai, matar ta kara waya a kunne, wai ana kiranta. Ta shige cikin mutane. Shi ke nan."

Baban Ummi ya ɗauki 'yarsa ya rungume. Na so ya zage ni, ko ya mare ni. Bai yi ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Malama, da ke yarinyar nan ta yarda." An kai maganar wurin hukuma, har yau ba a ga matar ba. Ummi ba ta dawo makaranta ba tukuna, kujerarta tana nan a layin gaba, ina zagaye ta.

Muna yara mun ɗauka Inna tana tsorata mu ne da aljanu. Yanzu in na kwanta sai in yi ta juya tatsuniyar, in ga abar nan ba ta zo da komai nata ba. Ladabin mutanen gidan ta ara, da shi ta shiga, da shi ta fita. Abin da ke ƙara ruɗa ni, Innar da ta ba mu labarin ita ce dai ta koya min kada in kalli babba cikin ido, kada in tambayi baƙo yaushe zai tafi. Ta taɓa zane ni da tsintsiya don na ce wa wata baƙuwarta, ke wace ce. Ban sani ba ko ita ma ta rasa yadda za ta haɗa biyun ne, shi ya sa ta koya mana ɗaya da rana, ɗayan ta ɓoye shi a cikin tatsuniya. Da tana raye da na je na zauna a gabanta na tambaye ta.

Jiya aka tashi, sai ga wata tsohuwa da sanda, fuskarta cike da kamala, ta ce ta zo ɗaukar jikarta, ta nuna wata yarinya da ake kira Nana. Nana ta miƙe da murna. Na riƙo hannunta. Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Mene ne cikakken sunanta?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Sunan mahaifiyata ne da ita. Ni zan kama shi a nan, a gaban yara? Ke 'yar gidan wa ce? Ba a koya miki ba?"

"An koya min, Hajiya."

"To sake ta."

"Bari in kira mamanta."

Lambar ta ƙi shiga. Na sake kira. Iyaye suka fara tsayawa suna kallo, wata ta ce, "Haba Malama, tsohuwa ce fa." Hajiya tana ta salati, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin rashin kunya irin na 'yan matan yanzu ba. Hawaye suna zubo min, ban share ba, don hannu ɗaya yana riƙe da waya, ɗaya yana riƙe da Nana. A kira na huɗu uwar ta ɗaga. Ta ce e, surukarta ce, ita ta roƙe ta ta biya ta ɗauko yarinyar.

Na ba Hajiya haƙuri har ƙasa. Ta ce, "Allah ya shirye ki." Na ce amin. Sai na ji Nana tana ɗan jan jikinta, ta ce a hankali, "Anti, kin matse ni." Na duba, ashe ban sake ta ba. Na buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, shatinsu huɗu ya fito raɗau a hannun yarinyar.