Binciken Dangin Marisol

Ƙanena Nura, injiniya a Lusail kusa da Doha, ya kafe sai ya auri Marisol, wata nas 'yar ƙasar Filifin. Umma ta kira ni daga Zariya ta ce, "Hajara, ke ce kusa. Je ki gano mana asalinta." A raina na riga na yanke cewa abin hannunsa ita da danginta suke hari.

Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gidana a Al Wukair, a gefen Doha. Awa tara muka yi a sama kafin Manila, inda jami'in shige da fice ya daɗe yana juya fasfona. Na kwana a otal kusa da filin jirgi.

Laraba

Ƙaramin jirgi ya kai ni tsibirin Negros, na hau bas ta awa biyu. A tasha kawun Marisol, Ruben, ya ɗauke ni a babur mai ɗakin fasinja a gefe. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, na ce a zuci sai an juya baya a nemi babba.

Garin titi ɗaya ne tsakanin teku da gonakin kwakwa. Kwale-kwale masu fiffiken gora sun jeru a yashi, mata na shanya kifi, ba ka jin komai sai ruwa da ƙararrawar coci. Duk wanda ya shigo gidan su Marisol sai ya kama hannun kakarsu, wadda suke kira Lola, ya ɗora a goshinsa.

Aka kawo shinkafa da kifi a romon kwakwa. Na tsaya ina kallon tukunyar.

"Sabuwa ce," in ji Ruben. "Ba ta taɓa ganin alade ba."

Sai da na duba gindinta na ci.

Alhamis

Na zaga kasuwa ina bugun cikin mutane. Kowa yabon gidan yake, har na fara zargin an kitsa musu. Da la'asar Lola ta zaunar da ni a baranda, Ruben na fassara. Ashe ita ma da nata binciken. Nura yana da zafin hannu? Wa yake ciyarwa? Me ya sa bai zo da kansa ba? Na amsa iya sanina. Sai ta kafe ni da ido.

"Ni na raini Marisol. Ranar da na mutu, za ku bar ta ta zo ta binne ni?"

Na buɗe baki in ce i, na tuna ba ni ce mijin ba. Na ce zan tambaya. Ta gyaɗa kai, ba ta yi murmushi ba.

Asabar

Na sauka Doha bayan azahar, lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina godiya ga Ruben da mutanen gidan. Nura ya ɗauko ni, tun a mota yake tambayar ko sun ci jarrabawa.

"Kai ne ba ka ci ba tukuna," na ce. "Nemi hutu. Akwai tsohuwar da ke jiran amsa daga bakinka."